Babi na Bakwai: Me Ya Sa Taliyar Waje Ta Fi Ta Gida Daɗi?

Tambaya ce da ake yi a kusan duk gidan da ke da yara. Uwa za ta dafa Indomie, ta yanka albasa da attaruhu, ta fasa ƙwai, ba abin da ta rage, amma yaro ya kai loma biyu ya ce, "Umma, ta mai shayi ta fi daɗi." Maigida kuma ya biya ta tashar Kura da daddare, ya sa a zuba masa a roba don ya kai wa iyali, kafin babur ya kai shi Bunkure ta kumbura ta manne, kamar ba ita aka juye a gabansa tana tururi ba. Wasu suna cewa masu sana'ar na da wani sirri da suke ɓoyewa. Wasu su ce hannu ne, kowa da nasa. Wasu kuma su ce kwaɗayin abin waje ne kawai.

Amsar ta fi haka sauƙi, kuma ta shafi kowace irin taliya, ta leda da ta kwali da tamu ta Hausa. A cikin kwanon taliya ayyuka biyu ne suka haɗu: ɗaya yana son awanni, ɗaya yana son mintuna. Wanda ya san na ɗauka a tafi da shi gida, ya san wanda dole sai a gaban mai ci za a yi, ya gama fahimtar babin nan. Mutanen da suka fi kowa tsayawa a kan wannan rabe-raben su ne Japanawa, saboda haka daga can za mu faro, sannan mu dawo gida, yankin Kadawa na ƙasar Kano.

Abin da ke cikin kwanon Japanawa

Ramen taliyar alkama ce da ake ci a cikin romo mai zafi. Asalinta daga Sin take. 'Yan Sin da suka zauna a garuruwan bakin teku irin su Yokohama a ƙarshen ƙarni na 19 su suka shigo da ita Japan, kuma a 1910 aka buɗe wani shago mai suna Rairaiken a unguwar Asakusa ta Tokyo, wanda ake yawan ambata a matsayin mafarin ramen irin ta Japanawa. Bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, shinkafa ta yi ƙaranci, garin alkama daga Amurka ya cika kasuwa, masu rumfuna suka riƙa sayar wa leburori taliya da romo a bakin titi. Abincin talaka ne ya zama abin alfaharin ƙasa. Yau kusan kowane gari da irin tasa: ta Sapporo da markaɗen waken suya da aka tsima ake haɗa romonta, ta Fukuoka kuma siririya ce a cikin farin romo mai kauri.

Abu biyar ne a kwanon. Akwai romon ƙashi, wanda wasu shaguna ke barinsa a wuta awa goma ko fiye. Akwai ruwan ɗanɗano mai gishiri da ake zuba cokali biyu zuwa uku a gindin kwano kafin romo. Akwai mai, wanda ke ɗauke da ƙamshi ya kuma riƙe zafi. Akwai kayan sama: yankan nama, dafaffen ƙwai, lawashi. Na biyar ita ce taliyar kanta, ɗanya, wadda minti ɗaya zuwa uku kawai take yi a tafasasshen ruwa. Huɗu na farko duk tun jiya ko tun asuba ake gama su. Ta biyar ce kaɗai ake jira sai mai saye ya zauna.

Ga mai karatu Musulmi da tafiya za ta kai shi can, ko wani babban birni da ake sayar da ramen, a kula: romon shaguna da yawa na ƙashin alade ne, musamman irin na Fukuoka, kuma akan sa giyar shinkafa a ruwan ɗanɗanon. Akwai masu yi da kaza ko naman sa tsantsa, amma sai an tambaya.

Dabarar da korona ta fito da ita fili

Masu shagon ramen sun daɗe da sanin cewa abincinsu ba ya son tafiya. A Fukuoka, da yake taliyarsu siririya ce mai saurin caɓewa, ba sa cika wa mutum kwano. Kaɗan suke zubawa, in ya cinye yana son ƙari sai a dafa masa sabuwa a juye cikin ragowar romonsa. Mutanen da ba su yarda taliya ta yi minti goma a kwano ba, ta yaya za su yarda ta yi rabin awa a hanya?

A 2020 annobar korona ta tilasta musu neman mafita. A watan Afrilun shekarar, lokacin da mu ma aka kulle mu a Kano, Japan ta ayyana dokar ta-ɓaci, masu cin abinci a shago suka janye. Haka aka yi a Amurka da Ingila. Shaguna da yawa sai suka koma sayar da abincin a rarrabe: romo a ƙulle, sau da yawa a daskare, taliya ɗanya a ledarta, nama da ƙwai da lawashi daban, sai 'yar takarda mai bayanin minti nawa za a tafasa. Mai shago ya yi aikin awanni, mai saye ya ƙarasa na mintuna a murhunsa. Annoba ta wuce, amma dabarar ta zauna, domin waɗanda suka gwada sun ga ta fi dafaffen da ake kawowa a roba nesa ba kusa ba.

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba, domin haka yake sayen fura tun kaka da kakanni. Wanda zai sha fura bayan isha'i ba ya sayen damammiya da azahar. Yakan karɓi curin fura a gefe, nono a gefe, ya kai gida. Mai fura ta riga ta yi surfe da niƙa da dafuwa da kirɓi, wato duk wahalar. Damu kawai aka bar wa mai sha, shi kuma sai lokacin sha ya yi, don in aka dama aka ajiye sai ta tsinke ta yi tsami. Abin da masu ramen suka yi ke nan, ba ƙari ba ragi.

Taliya ba ta jira

Me ke faruwa da taliya bayan an sauke ta? Abu biyu ne a garin alkama da suka shafi maganarmu. Na farko sitaci, wanda shi ne mafi yawa. Na biyu wani sinadari mai danƙo, wanda ke sa kwaɓaɓɓen gari ya miƙe bai tsinke ba. In taliya ta shiga tafasasshen ruwa, sitacin waje ne ke fara shan ruwa ya yi laushi, ruwan yana ratsawa a hankali zuwa tsakiya. Akwai ɗan taƙaitaccen lokaci da waje ya yi laushi, ciki kuma yana da sauran ƙarfi. Wannan shi ne daɗin da haƙori ke ji, wanda yaro ke nufi in ya ce ta mai shayi ta fi.

Sai dai sauke tukunya ba ya tsayar da dahuwa. Muddin akwai zafi da laima, sitaci zai ci gaba da sha. In aka rufe ta a roba ko a kula, tururin da ya kamata ya fita sai ya koma cikinta. Bayan minti ashirin ciki da waje sun zama ɗaya, sitacin da ya fito ya manne silin da juna, romon da ke kwanon kuma ta shanye shi. Ba wanda ya yi kuskure a nan, mai shayi ya dafa daidai, maigida ya kawo da zafinta. Tafiyar ce taliya ba ta ɗauka.

Ta leda ta fi kowacce saurin lalacewa, kuma dalilin yana cikin yadda aka ƙirƙiro ta. Wani ɗan kasuwa mai suna Momofuku Ando ne ya fito da ita a garin Ikeda kusa da Osaka a 1958. Dabararsa ita ce a turara taliya ta dahu, sannan a soya ta cikin mai. Suyar tana korar ruwan da ke ciki ta bar ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ruwan zafi ke komawa da sauri. Wato taliyar leda dafaffiya ce tun daga masana'anta, jiƙa ta kawai muke yi. Ƙofofin da suka sa ta nuna cikin minti uku su ne kuma ke sa ta caɓe cikin minti goma. Indomie, wadda asalinta daga Indonesiya take, ta fara shigowa Nijeriya a 1988, a tsakiyar shekarun 1990 aka soma yin ta a Ota ta jihar Ogun, daga baya aka buɗe masana'antu a Fatakwal da Kaduna. Yanzu duniya na cin sama da leda biliyan 100 a shekara, kuma a Afirka ba ƙasar da ta kai Nijeriya ci.

A teburin mai shayi

Duk mai son ganin amsar da idonsa, ya tsaya a teburin mai shayi bayan magariba ya sa ido a hannunsa. Kafin kowa ya zo ya riga ya yanka albasa da attaruhu da tumatir, kowanne a robarsa. Ruwa yana cikin babbar butar shayi, ya daɗe da tafasa. "Mai shayi, guda biyu da ƙwai biyu, yaji ya ji." Sai ya ja 'yar tukunyarsa mai faɗin baki, ya tsiyayo ruwan zafi daidai yadda zai ɗan rufe taliyar, ya ɗora a kan wuta mai ƙarfi. Ruwan bai taɓa hucewa ba, yana hawa wuta ya ci gaba da tafasa. Ya fasa leda, ya jefa, ya barbaɗa sinadarin ɗanɗanon da ke cikin ledar, ya watsa albasa da attaruhu. Ba ya rufewa, ba ya barin wurin. Da cokali mai yatsu yake ɗaga ta yana warwarewa, a ɗaya murhun kuma ƙwai na soyuwa. Lokacin da ruwan ya kusa ƙafewa ya zama ɗan romo mai kauri da ya kama jikin taliyar, sai ya juye a faranti ya kife ƙwai a kai. Daga tukunya zuwa bakin mai ci ba a yi minti ɗaya ba.

Yanzu a dubi yadda akan yi a gida. Yara biyar ne, saboda haka leda shida ake jefawa a tukunya ɗaya. Ruwan yakan yi yawa, ko kuma a zuba taliyar tun bai tafasa ba. Wutar icce ce ko gawayi, da an zuba sai tafasar ta kwanta. A rufe tukunya a juya wajen yankan albasar da ba a tanada ba. In an sauke, a raba a kwanuka, a aika kiran wanda ke wajen ƙwallo, a rufe wa wanda ya tafi makarantar dare tasa. Kayan haɗin duk ɗaya ne da na mai shayi. Abin da ya bambanta shi ne ƙarfin wuta, yawan abin da ke tukunya, da tazarar da ke tsakanin saukewa da ci. Uwar gida ba ta gaza mai shayi iya girki ba. Shi mutum ɗaya yake dafa wa a lokaci ɗaya, kuma mutumin na zaune yana jira.

Kanwa a cikin kwaɓi

Akwai abu guda da ya raba taliyar ramen da sauran taliyoyin alkama, kuma yana cikin kowane ɗakin girkinmu. Masu yin ta suna narka wani gishiri mai kaifi a ruwan kwaɓi, kimanin giram 10 a kilo ɗaya na gari. Babban sinadarin da ke cikinsa shi ne dai wanda ke cikin kanwa. Shi ke ƙara wa danƙon alkama ƙarfi, ya sa taliya ta yi santsi da tsalle a baki, ya juya launinta zuwa ruwan ɗorawa ko ba a sa ƙwai ba, ya kuma sa ta ɗan jure zama a romo fiye da wadda ba a sa wa ba.

Duk macen da ta iya ɗanwake ta san aikin kanwa a kwaɓi, ta san kuma iyakarta. In ta yi daidai ɗanwake ya yi sulɓi, in ta zarce ya yi ɗaci da warin sabulu. Haka take a taliya. Mai son gwadawa ta jiƙa ɗan ƙaramin gutsure tun dare, ta tace ruwan da kyau saboda yashi, ta yi kwaɓi da shi a kan gari kaɗan tukuna, ta dafa ta ɗanɗana kafin ta yi mai yawa. Kanwar kasuwa ba ƙarfinta ɗaya ba, ta wannan mai kolin daban, ta wancan daban, saboda haka harshe ne ma'auni.

Alkamar Kadawa da taliyarmu ta Hausa

In akwai inda wannan magana ta fi dacewa a arewacin Nijeriya, to Kadawa ce da kewayenta. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako. Daga nan ruwa ke bin babban kanal, ya ratsa Ruwan Kanya, ya rarrabu cikin ƙananan magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, gangara kawai yake yi ba tare da injin turawa ba. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da aikin, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana da tashar gwaji a Kadawa. Alkama shukar sanyi ce. Ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba don ta sha hunturu, a girbe a Maris ko Afrilu. Wanda ya makara, zafin bazara ya riski zangarniya tana cika, ƙwayar ta tsumbure.

Daga 1987 zuwa farkon shekarun 1990, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, noman ya yi tashe a wannan yanki. Da aka ɗage hanin sai farashi ya faɗi, manoma da yawa suka koma shinkafa da tumatir da masara. Har yau sama da kashi 90 cikin ɗari na alkamar da Nijeriya ke ci daga waje ake sayo ta. Ma'anar wannan ita ce, yaron da ke cin taliyar leda a bakin titin Kano zuwa Zariya, gonar alkama na bayansa, kusan tabbas alkamar da ke farantinsa jirgin ruwa ne ya kawo ta.

Alhali kuwa muna da taliyarmu tun kafin ta leda ta zo. A cikin gidajen Kura da ƙauyukanta, kamar sauran garuruwan ƙasar Kano, akwai matan da sana'arsu ke nan. Da hantsi za ka tarar an ɗaure injin taliya a bakin benci. An kwaɓa gari da gishiri da ruwa kaɗan, kwaɓi mai tauri wanda sai an danna da ƙarfin kafaɗa. A gutsuro curi a tura tsakanin ƙarafan, yarinya na juya hannun injin, uwa na tarbar fallen da ke fitowa, ta ninka ta mayar, ta sake ninkawa ta mayar, har ya yi sumul. Sannan a sauya shi zuwa bakin yanka, sili ya zubo, a tare da hannu a barbaɗa gari, a rataya a igiya ko a shimfiɗa a tabarma. A iskar hunturu kafin la'asar ta bushe. Wata a dafa a ɗora wa yara talla da manja da yaji, wata a sayar ɗanya ga mai son dafawa a gida. Wannan ta biyun ita ce rabin abin da masu ramen ke sayarwa. Romon ne kawai ba a haɗo da shi ba.

Mafi yawan masu sana'ar da fulawar kamfani suke yi, don ta fi laushi da fari. Garin alkamar gida da aka kai inji yana da dusa, dusa kuma tana yanka danƙo ta sa sili ya riƙa tsinkewa. Maganinsa a tankaɗe da rariya mai laushi sau biyu, a bar kwaɓin ya huta rabin awa a rufe kafin a murza, in ana so a gauraya da fulawa rabi da rabi. Taliyar takan fito da ɗan duhu, amma ƙamshin alkama da ke cikinta ta leda ba ta da shi.

Yadda za a haɗa a gida

Romo shi ne aikin awanni, saboda haka shi ake fara tanada. Ko dai a saya wajen mai farfesun da aka amince da tsaftarsa, a kawo a fulas, ko a yi a gida. Ƙashin sa mai ɓargo, ko ƙafafu da wuyan kaza, a fara ba su tafasa ɗaya a kwashe kumfar. A zuba albasa da citta da tafarnuwa da masoro da 'yar daddawa, a rage wuta. Na kaza awa uku ya isa, na sa yana son shida ko fiye. Alamar ya yi ita ce ya riƙa ɗan kama leɓe, in ya huce da sanyin hunturu kuma ya daskare. Gishiri a ƙarshe ake sa shi, don ruwan na ƙafewa.

In lokacin ci ya yi, tsarin da ake bi shi ne komai. A ɗora romo ya tafasa a murhu ɗaya. A yanka lawashi da kabeji da attaruhu, a ɓare dafaffen ƙwai, a yayyanka nama, a soya albasa a man gyaɗa har ta yi ja. A ɗauraye kwanukan da ruwan zafi don kada su shanye zafin romo. Sai a kira masu ci su zauna. Sai sun zauna taliya za ta shiga ruwa.

A babbar tukunya daban ake dafa ta, ba a cikin romon ba, domin garin da ke jikinta zai dagula romon ya kashe masa ɗanɗano. Ruwa ya zama mai yawa, kimanin lita ɗaya ga cin mutum ɗaya, kuma yana tafasa sosai. A warware taliyar da hannu a saka, a motsa nan take don kada ta dunƙule. Ɗanya sabuwar murza minti biyu zuwa uku take so, busasshiya ta fi haka. Kada a dogara da agogo kaɗai: a ciro sili a tauna, in tsakiyar na da ɗan sauran ƙarfi a sauke, zafin romo zai ƙarasa ta. A tsane a kwando sosai, a zuba romo a kwano, a sa taliya, a jera kayan sama, a yaryaɗa man albasa. In gidan na da yawa, gara a dafa kashi biyu ko uku a jere da a cusa duka a tukunya ɗaya. Wanda bai dawo ba a ajiye masa tasa ɗanya, minti uku ne in ya shigo.

Ko taliyar leda ce wannan tsari na gyara ta. Maigidan da ke son faranta wa iyali, maimakon ya sa a dafa a tasha, ya karɓo ledojin da ƙwai da yankakken kayan miya, a dafa bibbiyu a gida a kan wuta mai ƙarfi.

Zafi, gishiri da amana

Abin da ya sa wannan dabara ta yi sauƙi a Japan shi ne firji da wutar lantarkin da ba ta yankewa. A nan dole a yi hattara. Romon nama wuri ne da ƙwayoyin cuta ke saurin yaɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a fili, a riƙe shi ko dai da zafi sama da digiri 60, ko da sanyi ƙasa da digiri 5. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, awa biyun ma ta yi yawa. Romon da aka sayo a kawo shi da zafinsa, a sake tafasa shi sosai kafin a zuba. Wanda ya canza wari ko ya yi kumfa a zubar, asarar romo ta fi ta lafiya sauƙi. A kuma guji ƙulla shi da zafi a siririyar leda, fulas ko kwanon ƙarfe mai murfi ya fi.

Sai gishiri. Hukumar dai ta ce babban mutum kada ya wuce giram 5 a yini, wato kusan cokalin shayi ɗaya, alhali sinadarin da ke cikin ledar taliya biyu kaɗai na iya cinye mafi yawan wannan. Taliyar da aka soya kuma tana ɗauke da mai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinta. Mai hawan jini da ƙananan yara su suka fi cutuwa in abin ya zama na kullum. Ɗaya daga cikin alfanun ƙarasa girki a gida shi ne gishirin a hannunka yake. Romon da ya ji ƙashi da daddawa da citta ba ya neman dunƙule da yawa.

Kasuwar da ke jiran mai farawa

A dubi abin da kwanon ke buƙata: alkama, albasa, attaruhu, tattasai, tumatir, kabeji, lawashi, ƙwai, kaza, ƙashin sa. In ban da gishiri da kanwa da kayan ƙamshi, kusan duka ana samun su tsakanin Kura da Kadawa da Bunkure, yawancinsu a gonakin da ruwan Tiga ke shayarwa. Mai murza taliya tana nan. Mai farfesu yana nan. Mai dakan yaji tana nan. Abin da ya rage shi ne wanda zai haɗa su a ƙulli guda ya ce wa mai saye: ga taliya, ga romo, ga mai, minti uku.

Inda babu firji ma akwai hanya. Ana iya yin busasshen haɗi: ɗaurin taliyar Hausa, ƙullin garin daddawa da citta da busasshen kifi da yaji, 'yar kwalbar man albasa, da busasshen tumatir. Wannan zai yi makonni bai lalace ba, ɗalibi zai tafi da shi makaranta, direba zai sa a mota, mai aikin gona zai dafa a bakin kanal. Kuɗin da ake kashewa a kan alkamar ƙetare, ko kaɗan ne daga cikinsa ya tsaya a hannun manomin Kadawa da matar da ke juya inji a tsakar gida, an ci riba. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

A cikin kayan nan akwai guda da muka ambata a gurguje, alhali shi ne ya fi kowanne ɗaukaka sunan Kadawa, shi ne kuma ya fi sa manomanta kuka. Tumatir ke nan. Me ya sa kwandon da ake rububinsa da damina yake zubewa a ƙasa a kasuwar Kwanar Gafan da rani? Me ya faru da masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki? Kuma wace hanya ce ta fi ga ƙaramin manomi, shanya ko markaɗe ko sayarwa a gona? Waɗannan tambayoyi za mu bi a babi na takwas.